Gangarar da Inoussa Ya Gina

Idan ka bi ta layinmu a Zongon Lome ranar Juma'a, za ka ga wani mutum mai furfura a gemu yana salla a bakin titi, a kan 'yar tabarma, kusa da keken guragu mai shuɗin fenti. Ba wai masallacin ne ya cika ba. Yayana ne, Karim, malamin lissafi. Ni kuwa Meimuna ce, ƙanwarsa, mai sayar da atamfa a kasuwar Assigamé, kuma zan faɗi abin da ya fitar da shi waje, don na gaji da jin ana cewa girman kai ne. Girman kai! Duk wanda ya faɗi haka, Allah ya shirye shi.

Yaya bai taɓa tafiya da ƙafarsa na gani ba. Shan inna ta kama shi tun kafin a haife ni, ta bar masa ƙafafu sirara, ta bar masa kai mai kyau da hannuwa masu ƙarfi. Babanmu dillalin shanu ne, bai yi boko ba, amma ya rantse ɗan nan nasa sai ya yi. To, makaranta da nisa, hanya kuma yashi ce zalla. A nan ne Inoussa ya shigo. Ɗan maƙwabtanmu ne, sa'an Yaya, ƙato tun yana yaro. Shi ke goya shi a baya ya kai shi aji, ya dawo da shi, rana da ruwa. Ba zan hana shi wannan ba ko da ina cikin fushi: ya goya shi shekaru, bai taɓa yar da shi ba. Karatu ne dai bai zauna a kan Inoussa ba, ya bari tun a firamare ya bi wani magini.

Da Yaya ya fara zama saurayi, goyon ya soma ci masa rai. 'Yan mata na kallo, yara na biyo su da waƙa. Baba ya lura, ya tafi unguwar Adakpamé wurin wani mai walda, aka haɗa masa keke mai ƙafa uku wanda ake murzawa da hannu. Ranar da aka kawo shi, Yaya ya zagaya unguwa har hannuwansa suka yi kanta. Da ya dawo na kawo masa ruwa, ya sha, ya dube ni ya ce, "Meimuna, daga yau ba wanda zai ƙara ɗaukata sai ranar da za a kai ni kabari." Inoussa yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa, har ya yi dariya ya ce to shi bayansa ya huta.

Kuma Yaya ya riƙe maganar nan. Inda keke ba ya shiga, shi ma ba ya shiga. Biki in a sama ake yi, sai ya aika da gaisuwa. Aikin koyarwa ma da aka ba shi a wata babbar makaranta a Agoè, da ya ga ajin a bene yake, ya ce a bar shi, ya dawo wata ƙaramar makaranta a nan Zongo inda azuzuwan duk a ƙasa suke. A nan ya tsufa, da alli a hannu.

Yaran makarantar suna kiransa Misye Tanjant, shi kuma ba ya jin haushi. Dalili, a duk lissafi ba abin da yake so kamar darasin alwatika mai kusurwa a tsaye. Ni da ban wuce aji shida ba, na iya shi, don a tsakar gidanmu yake maimaita wa masu jarrabawa. Ba ya farawa da allo. Katako yake sa a jingina da bango, ya ce, "Ga gefe uku. Bango shi ne tsayi. Daga gindin bango zuwa ƙafar katako, wannan ƙasa ce. Katakon kansa shi ne gangara." Sai a auna. In tsayi uku ne, ƙasa huɗu, gangara za ta zo biyar. Sai ya nuna kusurwar da katako ya yi da ƙasa, ya ce, "Raba tsayi da gangara, uku cikin biyar, ka sami sinus. Raba ƙasa da gangara, huɗu cikin biyar, ka sami kosinus. Raba tsayi da ƙasa, uku cikin huɗu, ka sami tanjant." Daga nan sai ya bugi hannun kekensa ya ce, "Ku a takarda kuke ganin tanjant. Ni a kafaɗata nake jin ta. Kowane tudu na garin nan na san rabonsa."

Inoussa kuwa ya zama babban magini, har yana da yara a ƙarƙashinsa. Duk ginin da ya samu, in aka zo kan matakala ko karkatar rufi, gidanmu yake zuwa. Yaya ya lissafa masa, shi ya je ya gina, a yaba masa. Yana da kwanonsa na kansa a gidanmu, wani mai jan baki, ba wanda ke ci a ciki sai shi. Matar Yaya, Kadidja, ba ta taɓa sauke tukunya ba ta cire masa nasa ba. Ni ma Yaya Inoussa nake ce masa.

Abu ɗaya ne nasa ke ba ni haushi tun da can. Duk inda aka taru, suna ko ɗaurin aure, sai ya bugi bayansa ya ce, "Kun ga malamin nan naku? A kan bayan nan ya yi karatu!" Mutane su yi dariya, Yaya ma ya yi murmushi. Amma ni na san fuskar ɗan uwana, ina ganin yadda muƙamuƙinsa ke motsi. Na taɓa ce masa ya tsawata masa, ya ce, "Ƙarya ya yi? Bar shi, abin da yake da shi ke nan."

To, masallacin layinmu a kwari yake. Duk damina ruwa sai ya shiga, a kwashe tabarmi, a yi ta yasa da bokiti. Amma ga Yaya masallacin nan daidai yake da shi: ya murza kekensa har bakin ƙofa, ya sauka da hannu, ya ja jiki kaɗan, ga shi a sahun farko. Salla biyar a can yake yi, gurbinsa kusa da taga kowa ya san shi. Sai wata damina ruwa ya yi ɓarna har ya jiƙa littattafai. Kwamiti ya zauna, ƙarƙashin Alhaji Kimba mai motocin dakon kaya, aka ce a rushe a sake gini, a ɗaga daɓen mita ɗaya daga ƙasa. Aka ba Inoussa aikin.

Mita ɗaya ba komai ba ce ga mai ƙafa, 'yan matakala ne ya haye. Ga Yaya kuwa katanga ce. Za ka ce ai sai ya ja jiki ya hau matakalar. Kai ka taɓa jan jiki a kan ruwan alwalar jama'a da kayanka na salla, ɗalibanka na kallo? Ga shi kafaɗarsa ta dama ta riga ta gaji, shekaru na murza keke sun cinye ta. Saboda haka ya kira amininsa ya ce a yi masa gangara ta siminti wadda zai hau da kekensa har baranda, da hannunsa, ba mai tura shi.

Ba a baki suka tsaya ba, gwadawa suka yi, a tsakar gidanmu, ina wanke-wanke ina kallo. Inoussa da kansa ya kawo bulo da katakai masu kauri. Ya jera bulo har rabin mita. Ya ce ai masallaci mita ɗaya ne, wannan rabi ne. Yaya ya ce, "Ba girman ne abin dubawa ba, rabon ne. In rabon tsayi da ƙasa ɗaya ne, kusurwar ɗaya ce." Aka ja ƙafar katako mita uku daga bulo, wato ɗaya cikin shida. Yaya ya murza, ya kai tsakiya, keken ya dawo da shi baya, Inoussa ne ma ya tare shi. Aka ja zuwa mita huɗu, ɗaya cikin takwas. Ya hau, amma da ya kai sama zufa ta wanke shi, ya kama kafaɗa yana cije leɓe. Aka haɗa katakai aka kai mita shida, ɗaya cikin goma sha biyu. Ya hau sumul, har yana yi wa Kadidja ba'a daga sama.

Yaya ya ce, "Ka gani da idonka. Tsayi mita ɗaya yana son ƙasa mita goma sha biyu. Kusurwar ba ta kai digiri biyar ba. A gaban masallaci babu wannan filin, titi ne. Amma ta jikin bangon gefe akwai, har da saura."

Inoussa ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, ko da masallacin ba zai samu fenti ba, gangararka sai ta samu. Ni da na goya ka, ni zan hana ka shiga ɗakin Allah?"

Aka kai maganar gaban kwamiti, Alhaji Kimba ya ce madalla, aka shafa fatiha. Aka kewaye wurin da kwanon rufi kamar yadda ake yi wa kowane gini a garin nan, ba ka ganin komai daga waje sai ƙura da ƙarar shebur. Jama'a suka koma salla a wata rumfa.

Watannin nan, kusan kullum da yamma Inoussa yana gidanmu, hannunsa cikin kwano mai jan baki. Yaya ya tambaye shi, "Yaya gangarata?" Ya ce, "Tana nan tana tafiya." Yaya ya ce yana so ya leƙa ya gani, ya ce, "Haba Malam, wurin duk ƙusa ne da guntun rodi, tayarka za ta fashe. Bari a gama ka ga abin mamaki." Sai a yi dariya a ƙara masa miya.

Yaya kuwa murna kamar yaro. Ya gaya wa ɗalibansa cewa in an buɗe masallaci zai kai su da tef ɗin awo, su auna tsayi da ƙasa da gangara, su fitar da sinus da kosinus da tanjant da kansu. Ni ma na tsinto masa farar shadda a kasuwa, na kai ɗinki.

Wata rana ina dawowa daga Assigamé a kan zemijan, babur ɗin haya, na ga ana sauke ƙofofin ƙarfe guda huɗu a bakin shingen, irin na shago. Na tare Inoussa na ce, "Yaya Inoussa, masallaci da ƙofar shago?" Ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce na ɗakin ajiyar tabarmi ne. Ɗakin ajiya huɗu? Na zo na gaya wa Yaya. Wallahi bai taɓa yi mini faɗa irin na ranar ba. Ya ce, "Ke bakinki ba ya hutawa. Mutumin da ya ɗauke ni a bayansa tun kafin ki zo duniya, shi za ki zarga?" Na shiga ɗaki raina a ɓace.

Aka sa ranar buɗewa, wata Juma'a. Da safe aka cire shingen. Mu mata muna gefen titi muna dafa shinkafar sadaka, ni ce na fara gani. Jikin bangon gefe, inda aka yi alkawarin gangara, shaguna huɗu ne a jere, fenti sabo. Na farko har an zuba masa kaya, tayil da bokitan fenti, ɗan Inoussa na zaune a ƙofa yana danna waya. A gaba kuwa, kusa da matakala, ga wata 'yar guntuwar gangara a miƙe, irin wadda ake yi a ƙofar kowane gida a Lome don a tura babur ciki.

Na so in ruga gida in tare Yaya, amma kafin in wanke hannu sai ga shi ya ɓullo ta kan kwana, cikin farar shaddar nan, yana murza kekensa, yana amsa gaisuwa dama da hagu. Ɗalibansa da yawa suna wurin. Ya zo ya tsaya a gaban gangarar. Ya dube ta, ya juya ya dubi shagunan, ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ciro tef ɗin da kullum ke rataye a kekensa, ya miƙa wa wani mutum bakinsa ya ce ya riƙe masa a gindin baranda. Ya ja. Mita uku.

Inoussa ya sauko daga sama cikin babbar riga, yana washe baki, amma idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inoussa, tsayi ɗaya, ƙasa uku. Ɗaya cikin nawa ke nan?"

Ya ce, "Malam, ka san ni da lissafi..."

"Ɗaya cikin uku ne. Wadda ta dawo da ni baya a tsakar gidana, ka tare ni da hannunka, ɗaya cikin shida ce. Wannan ta ninka ta."

Inoussa ya fara kame-kame. Wai kwamiti ne ya ga masallaci na bukatar shaguna saboda wuta da ruwa. Wai fili ne ya yi kaɗan. Wai shi ɗan aiki ne, abin da aka ce shi yake yi. Yaya ya bar shi ya gama, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: "Yaushe aka yanke haka?"

Alhaji Kimba, wanda bai san me ke tsakaninsu ba, ya amsa daga sama da zuciya ɗaya: "Ai tun ana haƙa tushe, Malam. Inoussa ne ma ya kawo shawarar. Ya ce kun yi magana ka yarda, ya ce kai ba ka da matsala, shi zai riƙa shigar da kai."

Innalillahi! Tun ana haƙa tushe. Wato duk yammacin nan da yake zaune a tabarmarmu yana lashe yatsu yana cewa tana tafiya, ya san babu ita. Wallahi ji na yi kamar in ɗauki tukunyar shinkafar nan in juye masa. Kadidja ce ta riƙe mini zane.

Wasu samari suka ce bari su tura keken. Yaya ya ɗaga musu hannu ya ce, "Na gode. Ku tura ni yau, gobe da asuba fa? Jibi fa? Sai in zauna a nan ina jiran wanda zai ji tausayina?"

A nan ne Inoussa ya yi abin da ba zan yafe ba, ko da Yaya ya yafe. Ya tattare babbar rigarsa, ya juya baya, ya durƙusa a gaban keken, a gaban liman da kwamiti da ɗaliban Yaya da matan unguwa. Ya bugi bayansa ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Haba Malam, mene ne abin ɓacin rai? Hau mu je! Yau aka fara? Jama'a, a kan bayan nan fa ya yi karatu!"

Wasu suka yi dariya, har da masu cewa Allah ya bar zumunci. Ni kuwa fuskarsa na kalla. Murna ce a kanta, tsantsa. A ranar na gane cewa shagon ma ba shi ne duka ba. Mutumin nan bai taɓa son keken nan ba tun ranar da aka kawo shi daga Adakpamé.

Yaya ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya rataye. Ya dubi bayan da ke durƙushe a gabansa ya ce, "Tashi, Inoussa. Kana wurin ranar da na faɗa. Akwai ranar da za a ɗauke ni, in kana raye ka zo ka kama. Ba ta zo ba tukuna."

Ya juya kekensa, ya tsallaka zuwa bakin titi. Ya ce in ba shi tabarmar da muke tsince shinkafa a kai. Na kakkaɓe na shimfiɗa masa. Ya sauka da hannunsa, farar shaddar tana shan ƙasa, ya bi liman daga nan. Ina tsaye a bayansa ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba.

Bayan kwana biyu Inoussa ya zo gida da dattawa da goro. Yaya ya karɓe su, ya ba su ruwa, ya ce shi ba ya gaba da kowa. Suka ce to ya dawo masallaci. Ya ce, "Ta ina?" Shagunan an riga an ba da su, ba mai maganar rushe su. Har yau in sun haɗu a hanya suna gaisawa, amma Inoussa bai ƙara kawo lissafin matakala ba, bai kuma ƙara zama a tabarmarmu ba. Kwanonsa mai jan baki, ni na ɗauke shi na kai bayan gida, kaji ke shan ruwa a ciki.

Ɗaliban kuwa ya cika musu alkawari, ya kai su da tef. Suka auna, suka raba tsayi da ƙasa, suka ce masa digiri goma sha takwas da ɗoriya. Ya ce sun yi daidai. Wata yarinya ta tambaye shi ko ita ce gangarar da ya yi ta ba su labari. Ya ce a'a, su tattara kayansu a koma aji.

Gangarar tana nan, masu zemijan suna jin daɗinta, da ita suke hawar da baburansu baranda in ana ruwa. Sauran salloli Yaya a gida yake yinsu yanzu, Juma'a kuma a bakin titi, in hadari ya taso Kadidja ta ba shi leda ya rufa. Gurbinsa na kusa da taga wani ne ke zama. Mutane suna yabon ginin, kuma gaskiya ne ya yi kyau: tun da aka ɗaga shi, ruwa bai ƙara shiga masallacin nan ba. Yaya ma bai ƙara shiga ba.